John Grisham: Lauyan da kotu ta mayar marubuci

A shekarar 1984, wani matashin lauya ya zauna a kotun gundumar DeSoto da ke jihar Misisipi ta ƙasar Amurka yana sauraren wata yarinya ƴar shekara 12 tana faɗa wa alƙali yadda aka yi mata fyaɗe. Shari'ar ba tasa ba ce, amma ya fita da tambaya a zuci: da uban yarinyar zai ɗauki bindiga ya rama, wane hukunci za a yi masa? Wannan tambaya ce ta haifi littafin farko na John Grisham, wanda a yau aka sayar da kwafi fiye da miliyan 300 na littattafansa.

An haifi Grisham ranar 8 ga watan Fabrairun 1955 a garin Jonesboro na jihar Arkansas. Mahaifinsa ma'aikacin gini ne, yana kuma noman auduga. Ya karanta lissafin kuɗi, sannan ya gama karatun shari'a a jami'ar Misisipi a 1981. Kusan shekara goma ya yi yana aikin lauya a garin Southaven, yana kare waɗanda ake tuhuma da laifi da waɗanda suka ji rauni suke neman diyya. A tsakanin nan kuma ya zauna a majalisar dokokin jiharsa har zuwa 1990.

Tun da asuba yake tashi ya rubuta shafi ɗaya kafin ya shiga aikin kotu. Shekara uku ya yi a haka kafin ya kammala A Time to Kill, labarin wani uba baƙar fata da ya harbe fararen fata biyu da suka lalata ƴarsa. Kamfanonin buga littattafai sun yi ta mayar masa da shi, sai a 1989 wani ƙaramin kamfani mai suna Wynwood Press ya buga kwafi 5,000. Shi da kansa ya riƙa yawo da littafin a bayan motarsa yana sayarwa.

Littafi na biyu ne ya buɗe masa ƙofa. The Firm, wanda masu karatu da Faransanci suka sani da La Firme, labarin saurayin lauya ne da ya gano cewa ofishin da ya ɗauke shi aiki na ƴan mafiya ne. Tun kafin a buga shi a 1991, kamfanin Paramount ya biya dala 600,000 don ya mayar da shi fim, aka kuma yi fim ɗin a 1993 da Tom Cruise. Daga nan Grisham ya ajiye aikin lauya.

Sai dai kotu ba ta sake shi ba. A ƙarshen 2004 ya karanta labarin rasuwar Ron Williamson, wani tsohon ɗan wasa daga garin Ada na jihar Oklahoma. An yanke wa mutumin hukuncin kisa a 1988 bisa laifin da bai aikata ba. Saura kwana biyar a kashe shi aka dakatar da hukuncin, sannan gwajin ƙwayoyin halitta ya wanke shi a 1999, bayan shekara 11 a gidan kaso. Grisham ya bi diddigin shari'ar ya fitar da The Innocent Man a 2006, littafinsa na farko da ba ƙagagge ba, inda ya nuna yadda shaidar zur da binciken ganganci suka kusa kai mutum kabari.

Tun daga lokacin yake cikin shugabannin ƙungiyar Innocence Project mai fafutukar sakin waɗanda aka ɗaure bisa kuskure. A 2024 shi da Jim McCloskey suka fitar da Framed, mai ɗauke da shari'o'i goma na mutanen da aka rufe alhali hannunsu ba jini.