Yadda Ake Zaɓen Kayan Haɗa Kwamfutar Wasa da Kuɗi Kaɗan

Kwamfutar tebur taro ce ta sassa guda shida ko bakwai, waɗanda kamfanoni daban-daban suke ƙerawa, kowane kuwa ana iya sayensa shi kaɗai. Tun da kamfanin Intel ya fito da tsarin ATX a shekarar 1995, girman waɗannan sassa da ramukan kusoshinsu suka zama bisa ƙa'ida ɗaya, har ya kasance ɗalibi mai sukudireba da haƙuri yana iya haɗa tasa na'urar a ɗakinsa. Inda wuyar take shi ne wajen zaɓe, domin mai ƙaramin jari ba shi da halin sayen abu ɗaya sau biyu.

Aikin da wasa yake ɗora wa na'ura

Ya kamata mai karatu ya fara sanin abin da ke faruwa a lokacin da ake wasa. Hoton da ke motsi a fuskar monita jerin hotuna ne tsayayyu da ake sauyawa da sauri. Monita mai ma'aunin 1080p tana da ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, wato ɗigo 2,073,600 ke nan a hoto guda. Kafin ido ya ga motsi sumul, ana son hotuna 60 a daƙiƙa, sai ya zama dole a lissafa launin ɗigo fiye da miliyan 124 a kowace daƙiƙa. Wannan gagarumin lissafi katin hoto ne yake yin sa. Saboda haka shi ne ya cancanci kaso mafi tsoka na kuɗin, kuma shi ake fara zaɓa, sannan a nemo sauran sassan da za su iya tafiya da shi.

Katin hoto

Abu biyu ake dubawa a jikin kati: ƙarfin lissafinsa da yawan ma'adanar da ke kansa. Ga mai wasa a ma'aunin 1080p, gigabait 8 ita ce mafi ƙarancin abin da ya dace a saya. Alal misali, Radeon RX 6600 na kamfanin AMD, wanda ya fito a 2021, yana da gigabait 8, yana kuma jan wuta wat 132. GeForce RTX 3060 na Nvidia, shi ma na 2021, ya fito da gigabait 12 da wat 170, shi kuwa RTX 4060 na 2023 yana da gigabait 8 da wat 115. A lura cewa yawan gigabait shi kaɗai ba ya nuna sauri, domin RTX 4060 ya fi RTX 3060 sauri a yawancin wasanni duk da ma'adanarsa ba ta kai ta wancan ba.

Furosesa da babban allo

Furosesa ita ce take tafiyar da ƙa'idojin wasan, tana lissafa inda kowane abu yake, sannan ta umurci kati ya zana. In ta yi rauni ainun, kati zai zauna yana jiranta, kuɗin da aka zuba a kansa ya tafi a banza. In kuma aka sayi mai tsada fiye da kima aka haɗa ta da kati mai rauni, hoton ba zai ƙara sauri ba. Furosesa mai cibiya shida, irin Ryzen 5 5600 ta 2022, ta wadatar. Haka ma Core i3-12100F ta Intel mai cibiya huɗu tana yin aikin ga mai matsin aljihu. Dukansu biyu ba su da sashen zana hoto a cikinsu, don haka in babu kati, monita ba za ta nuna kome ba. Wanda kuɗinsa bai kai na kati ba tukuna yana iya farawa da Ryzen 5 5600G, wadda take da nata ƙaramin sashen hoto, ya yi ƙananan wasanni da ita har ya tara.

Kowace furosesa tana da irin soket ɗin da take zama a ciki, kuma a nan ne sabon shiga ya fi yin asara. Ryzen 5 5600 tana zama a soket AM4, wanda AMD ya fito da shi a 2016, ba ta shiga AM5 na 2022. Core i3-12100F kuwa sai LGA1700. Bugu da ƙari, tsohon allo mai lamba B450 yakan buƙaci a sabunta manhajar da ke tada shi kafin ya gane furosesa ta jerin 5000. Hanyar tsira ita ce a duba jerin furosesoshin da kamfanin allon ya wallafa kafin a biya. Ƙaramin allo na microATX ya fi araha, kuma bai rage wa wasa kome ba.

Ram da ma'ajiya

Ram ita ce ma'adanar wucin gadi inda na'ura take shimfiɗa aikin da ke hannunta. Gigabait 16 ta isa yawancin wasanni. Ya fi kyau a sayi sanda biyu masu gigabait 8 a kan sanda ɗaya mai 16, saboda sanduna biyu suna buɗe hanya biyu tsakanin ram da furosesa. Akwai nau'in DDR4 da DDR5. Tsagar da ke ƙasansu ba a wuri ɗaya take ba, ɗaya ba ya shiga gurbin ɗaya. Allon AM4 yana karɓar DDR4 ne kurum, na AM5 kuwa DDR5, su kuma allunan LGA1700 akwai masu wannan, akwai masu wancan.

Game da ma'ajiya ta dindindin, tsohon faifai mai juyawa ba ya wuce megabait 200 a daƙiƙa sai da ƙyar. SSD mai igiyar SATA tana kai kimanin 550, ta NVMe kuwa tana kai 3,500 ko fiye. Wannan ba ya ƙara yawan hotuna a daƙiƙa, amma yana rage zaman jiran wasa ya buɗe. Da yake wasu manyan wasanni suna cin fiye da gigabait 100, terabait 1 ta fi kwanciyar hankali, gigabait 500 kuma ta isa mafari.

Na'urar raba wuta

Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma babu inda maganar ta fi tabbata kamar nan. Wannan na'ura ce take mai da wutar gida zuwa bolt 12 da 5 da 3.3 da sassan suke amfani da su, in ta lalace tana iya tafiya da allo da kati gaba ɗaya. Lissafinta mai sauƙi ne: Ryzen 5 5600 wat 65, RX 6600 wat 132, jimla 197, in aka ƙara na allo da ram da fankoki, duka ba su kai 300 ba. Mai wat 550 ta sanannen kamfani ta isa, har da rarar da za a ƙara kati nan gaba. Tambarin 80 Plus, wanda aka soma a 2004, yana nuna cewa aƙalla kashi 80 cikin ɗari na wutar da ta ja yana isa ga sassan, sauran ya zama zafi.

Zafi, ƙura da wutar gida

A ƙasashen da ake fama da zafin bazara da ƙurar hunturu, akwati mai raga a gaba da matatar ƙura ya fi mai gilashi da fitilu amfani. Sassan da suka yi zafi ainun sukan rage gudunsu da kansu don kada su ƙone. Inda wuta take hawa da sauka kuma, dole a ware kuɗin sitabilaiza ko na'urar batir mai riƙe wuta tun a lissafin farko. Haka nan a lokacin hunturu, busasshiyar iska tana sa jiki ya tara 'yar wutar nan da ke tartsatsi, don haka mai haɗawa ya riƙa taɓa ƙarfen akwatin kafin ya ɗauki ram ko furosesa.

Kayan kwance

Furosesa da ram na hannu ba su cika ba da matsala ba. Katin hoto kuwa sai an yi hattara: bayan da tsarin kuɗin intanet na Ethereum ya daina amfani da katuna a watan Satumba na 2022, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana sun kwararo kasuwa. Gani ya kori ji. A sa mai shago ya kunna katin da wasa mai nauyi na kamar minti 20, a duba zafinsa da ƙarar fankarsa. Na'urar raba wuta da ma'ajiya dai a saye su sababbi.

Daga ƙarshe, kafin mai saye ya shiga kasuwa, ya rubuta sassan a takarda, ya tabbatar soket ya dace da furosesa, ram ta dace da allo, tsawon kati ya shiga akwati, wuta kuma ta ɗauki nauyin duka. In kuɗi ya gaza, a rage daga ado da girman ma'ajiya, domin waɗannan ana iya ƙara su bayan an samu hali.