Haƙƙin Mallaka a Sana'ar Saƙa: Me Mai Sayen Tsari Ya Saya?

Tsarin saƙa takarda ce da ke bayyana yadda za a saƙa hula, rigar jariri ko 'yartsana: irin zaren da za a nema, lambar kwarashi, yawan ƙulli a kowane layi, haɗe da hotuna. A yau ana sayensa ta intanet, a kasuwanni irin su Etsy da Ravelry, kuma sau da yawa akan tarar da sharaɗi a ƙarshensa cewa don amfanin kai ne kawai, ban da kasuwanci.

Ita takardar babu gardama a kanta. Rubutunta da hotunanta da zanenta na wanda ya ƙirƙira su ne. Yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda Nijeriya ta shiga a 1993, ta tanadi cewa wannan haƙƙi yana tabbata ba tare da rajista ba. Dokar Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ba rubutu da zane kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai su. Saboda haka wanda ya biya kuɗin tsari kwafi ɗaya ya saya, kamar mai sayen littafi, wanda ba shi da ikon kai shi maɗaba'a. A nan ne aka fi yin ɓarna. Mace ɗaya ta saya, ta tura wa zauren WhatsApp na ɗaliban saƙa, ko ta buga shi tana rabawa a aji tana karɓar kuɗi, alhali wadda ta kwana tana ƙirga ƙulli tana warwarewa ba ta samu ko sisi ba. Wannan satar fasaha ce, ko da niyyar taimako aka yi ta.

Kayan da aka saƙa kuwa, a kansu ne masana shari'a suka rabu. A Amurka, tun shari'ar Baker da Selden ta 1879, ƙa'idar ita ce doka tana kare yadda aka rubuta bayani, ba ta kare dabarar da bayanin ya koyar. Haka nan ba ta kare yankan tufafi, domin kayan amfanin yau da kullum ne. Amma a 2017, a shari'ar Star Athletica da Varsity Brands, Kotun Ƙolin ƙasar ta ce adon da ke jikin riga zai iya samun kariya idan ana iya kallonsa a matsayin zane mai zaman kansa. Ke nan safa marar ado da 'yartsana mai siffa ta musamman ba hukuncinsu ɗaya ba. Ga kuma sharaɗin da aka amince da shi lokacin saye, wanda zai iya zama alkawari tsakanin mai saye da mai sayarwa, kuma kowace ƙasa da yadda kotunanta ke kallonsa.

Akwai abin da izinin mai tsari ba ya wankewa. Hular da aka saƙa wa tambarin Arsenal, ko 'yartsana mai kamannin wani tauraron Disney, ta taɓa haƙƙin waɗancan kamfanoni, kuma mai tsarin ba shi da ikon ba da abin da ba nasa ba. Su kuwa adon gargajiya irin aska takwas da dagi ba na mutum ɗaya ba ne. Dokar Nijeriya ta sa kula da irin wannan gadon al'umma a hannun Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka.

Hanya mafi aminci ita ce a karanta sharaɗi kafin a biya. Masu tsari da yawa suna yarda a sayar da abin da aka saƙa da hannu, muddin an ambaci sunansu kuma ba a mai da aikin na masana'anta ba. Inda takarda ta yi shiru ko ta hana, sai a rubuta wa mai ita a nemi izini, a kuma adana amsar a rubuce.