Abin da ke Cikin Cikin Sauro

 Yau cikin tumbin sauro za mu leƙa.

Ranar 20 ga Agusta, 1897, wani likitan sojan Birtaniya mai suna Ronald Ross ya feɗe macen sauro a garin Sikandarabad na ƙasar Indiya, sai ya ga ƙwayar cutar maleriya maƙale a bangon tumbinta. Daga nan aka kama hanyar gane cewa sauro ne ke yaɗa zazzaɓin. Da masana suka sake komawa ga wannan tumbi da na'urorin zamani, sai suka tarar ashe ƙwayar maleriya baƙuwa ce da ta sauka a gidan haya cike da mutane. Waɗanda ta tarar su ne ƙwayoyin bakteriya iri-iri, kuma ba duka ne ke yi mata maraba ba.

Idan macen sauro ta ciji mai cutar, takan zuƙo ƙwayoyin maleriya da yawa tare da jini. Sai sun yi wajen kwana 1 a tumbi, sun huda bangonsa, sun hayayyafa, sannan bayan kwana 10 zuwa 14 su isa miyaunta. Kafin nan, cizonta ba ya sa wa kowa zazzaɓi. Mafi yawansu a tumbin suke mutuwa, har sau da yawa waɗanda ke tsira ba su kai 10 ba. A 2009 masana a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka suka ba sauro maganin da ya kashe bakteriyar cikinsa, sai ƙwayar maleriya ta samu sarari ta ƙaru. A 2011 kuma suka ba da labarin wata bakteriya da suka samu a cikin sauron daji na ƙasar Zambiya, wadda ke fitar da sinadarin da ke kashe ƙwayar tun ba ta kai ga bangon tumbi ba.

To ina sauro ke samo waɗannan 'yan haya?

Farko dai daga ruwa. Tsutsar sauro, wadda kuke gani tana wutsil-wutsil a randar da aka bari a buɗe, tace ruwa take yi tana cin ƙananan halittun da ke ciki. A Jami'ar Jojiya an gwada renon tsutsar a ruwan da babu bakteriya ko ɗaya, aka ba ta abincin da ta saba ci, amma ta ƙi girma har ta mutu. Da aka mayar mata da bakteriya sai ta ci gaba da girma. Kuma kowane sauro da ruwan da yake so. Mai yaɗa maleriya ya fi son ɗan ruwan da rana ke duka, kamar sawun kofaton shanu, ramin da aka haƙa ƙasar gini, ko gonar shinkafa. Mai kawo zazzaɓin shawara da na denge ya fi son tsohuwar taya da gwangwani da tulu. Wanda ke hana mu barci da kuka a birane, kwata ce gidansa. Ruwan kwata da na gonar shinkafa ba halittu ɗaya suka ƙunsa ba, don haka cikin sauron da suka rena ma ba zai zo ɗaya ba.

An ga haka a Kamaru. A binciken da aka wallafa a 2012, an ɗebo tsutsar sauro daga wurare daban-daban a kewayen Yawunde, aka rene ta har ta zama sauro, aka shayar da shi jinin masu ɗauke da cutar. Bakteriyar cikin kowane rukuni ta bi wurin da aka ɗebo shi, kuma yawan wani dangi na bakteriyar ya tafi tare da kamuwar sauron. A Gana ma, masanan Cibiyar Noguchi sun nuna a 2016 cewa cikin sauron damina ya bambanta da na rani, na birni kuma ya bambanta da na ƙauye.

Lokacin da tsutsa ke rikiɗa ta yi fiffike, yawancin bakteriyar cikinta na zubewa, sai sabon sauro ya sake tarawa daga ruwan da ya fito da kuma furanni. Da yawanmu mun ɗauka jini ne abincin sauro. Namijin ko kusa ba ya cizo, ruwan zaƙin fure yake sha, macen ma da shi take rayuwa, jini don ƙwai take nemansa. Akwai wata bakteriya mai suna Asaia da ake samu a furanni, wadda idan ta shiga sauro namiji kan ba mace wajen barbara, uwa kuma ta ba 'ya'yanta.

Sai jini, kuma a nan nake so ku ƙara kasa kunne. Da zarar macen ta ƙoshi da jini, bakteriyar tumbinta na ninkuwa sau 100 ko fiye cikin kwana 1, daidai lokacin da ƙwayar maleriya ke fafutukar tsira. Amma jinin mutum na ɗauke da duk maganin da ya sha. A 2015 masana daga Landan da Burkina Faso suka zuba maganin antibayotik a jinin da aka ɗebo daga yara masu ɗauke da maleriya, suka shayar da sauro. Bakteriyar tumbin ta ragu, sauron ya fi saurin kamuwa, ya ƙara tsawon rai, ya kuma ƙara ƙwai. Binciken da ya biyo baya ya nuna ba duka magungunan ne ke haka ba, akwai wanda ya rage ƙwayar ma.

Kada wani ya ji wannan ya ajiye maganin da likita ya rubuta masa, a shanye shi yadda aka ce. Damuwata tana ga wanda da ya ji jikinsa ya yi ɗumi sai ya aiki yaro kemis a sayo masa antibayotik ja-da-yalo, ba gwaji, ba takarda. Mun daɗe da sanin wannan ɗabi'a na sa magani ya daina ci. Yanzu ga alamar cewa ɓarnar na iya kaiwa har cikin sauron da zai cije shi da dare. A Najeriya, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ita kaɗai ke da wajen kashi 1 cikin 4 na masu kamuwa da maleriya a duniya, wannan ba abin a kawar da kai ba ne.

Maganin feshi ma na taɓa bakteriyar cikin sauro. A Peru da Gwatamala an ga cewa sauron da maganin ba ya kashewa na ɗauke da bakteriya daban da ta wanda ke mutuwa.

Idan muhalli na iya sauya cikin sauro da kansa, mutum ma zai iya sauya shi da gangan. A 2014, a ɗakin binciken kamfanin GSK da ke Tres Cantos a Sifaniya, ma'aikata suka lura sauron da suke kiwo ya daina ɗaukar maleriya. Da suka bi diddigi sai suka samu wata bakteriya, suka sa mata suna TC1, wadda ke fitar da sinadarin da ke tsayar da ƙwayar tun a tumbi. Sakamakon da suka wallafa a 2023 ya nuna raguwar ƙwayar har zuwa kashi 73 cikin 100, kuma idan ta shiga sauro sau ɗaya, tana nan har ya mutu. An gwada ta a wani killataccen fili a Burkina Faso, inda aka jiƙa auduga da ruwan sukari mai ɗauke da ita, sauro ya zo da kansa ya sha. Ba ta kashe sauron, hana shi zama ɗan aiken cuta take yi. Har yanzu gwaji ake, don haka yau da dare a sauke gidan sauro, a cusa gefensa ƙarƙashin katifa, musamman a shimfiɗar yara da masu juna biyu.