Manoman inabi: ba a fafe gora ranar tafiya

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, a wannan wata za mu leƙa ƙasar Faransa, yankin Burgonyi, kusa da birnin Dijon. Can inabi shi ne babban abin noma. Akwai wata gona mai suna Clos de Vougeot, mai faɗin hekta 50, an kewaye ta da ganuwar dutse. Tana nan tun ɗaruruwan shekaru.

Mutanen can giya suke yi da ruwan inabi. Wannan ba sha'aninmu ba ne. Amma yadda suke shirin kakarsu, akwai abin koyi.

Itacen inabi yana yin shekara 3 kafin ya fara ba da ƴaƴa. Yana fure a watan Yuni. A watan Agusta ƴaƴan su fara sauya launi, su yi taushi, tsami ya ragu, zaƙi ya ƙaru. Daga nan mai gona ba ya zama. Kullum yana zagawa, yana ɗanɗanawa, yana duban ƙwayar ciki: in ta bar kore ta yi ja-ja, nuna ta kusa. Yana korar tsuntsaye, yana fargabar ƙanƙara.

Me ya sa wannan tsaro? Mangwaro da ayaba suna ƙarasa nuna a cikin ɗaki. Inabi ba haka yake ba. In an yanke shi ɗanye, zaƙinsa ba zai ƙaru ba. In kuma an yi jinkiri ruwa ya sauka, sai ya ruɓe. Galibi ana yanka a watan Satumba, kimanin kwana 100 bayan fure. Amma a shekarar 2003 zafi ya yi tsanani, dole aka fara tun Agusta.

Saboda haka tun da sauran lokaci suke fito da tsofaffin kayan aiki. Abin matsa inabi, a kwance shi, a kankare tsatsa, a sauya katakon da ya ci, a shafa mai. Tanon da suke zuba ruwan inabi na katako ne, yana cin lita 228. In ya daɗe a bushe, katakon ya tsuke, ya riƙa yoyo. Ba sa jefar da shi. Sai su buga zoben ƙarfensa ya matse, su cika shi da ruwa. Katako ya sha ruwa ya kumbura, yoyo ya tsaya. A gidan Clos de Vougeot har yau akwai manyan abin matsa guda 4 na katako, na mutanen da, ana kula da su.

To, mu fa? Ruwan shuka ba ya aiko manzo. Wanda ya bari sai ranar ruwan farko ya kai galma wurin maƙeri, zai tarar da mutane cike, danshi kuwa ya wuce. Yanzu ne lokacin duba galma, da ƙotar hauya, da ƙafar amalanke, da rufin rumbu. Tsohon kaya in ya sami gyara, ya hana cin bashin sabo.

Allah ya ba mu damana mai albarka.