Allurar kashe hannu: ana aiki, mai hannu ido biyu

Lokacin girbi lauje da adda suna sarar hannun manoma da yawa. Wani kuma amalanke ce ke kayar da shi, gwiwar hannu ta karye. In aka ce sai an yi aiki a babban asibiti, abin da ya fi ba mutane tsoro shi ne maganin barci, wai kada mutum ya kwanta ya kasa tashi. Tsoron nan ke sa wasu su koma gida har ciwo ya ruɓe.

To, ba kowane aikin hannu ke bukatar barci ba. Jijiyoyin da ke kai ji ga hannu daga wuya suke fitowa, su ratsa hamata, su sauka har yatsu. Wadda ke yin zirr in an bugi gwiwar hannu tana cikinsu. Lokotoro yakan yi allura ya zuba magani kewaye da su, ko a gindin wuya ko a hamata. Kafin minti 30 hannu ya yi nauyi, ya mutu mus. Sai a yanka, a ɗinke, a ɗora ƙashi, mai hannu yana jin hirar ma'aikata, amma ba ya jin zafi. Dabarar tsohuwa ce: a 1911 wani lokotoron Jamus, Kulenkampff, ya gwada ta a jikinsa. Yanzu inda akwai na'urar eko, irin wadda ake duba masu ciki da ita, ana ganin jijiyar kafin a soka allura. Ƙananan yara dai galibi barci ake sa su.

Sai an hana mutum ci da sha kafin aiki, don in allura ba ta kama ba za a koma ga maganin barci.

Babban haɗari yana gida. Wani maganin yakan kai awa 12 bai saki ba. Hannun da ba ya ji bai san wuta ba, bai san an danne shi ba. A rataye shi a wuya da ƙyalle, a nisanta shi da murhu, kada a kwanta kansa. A sha ƙwayar da aka bayar tun hannu na fara tsira-tsira, don zafi yakan dawo gaba ɗaya, sau da yawa tsakar dare.

In an ɗaure hannu da filasta, yatsu suka kumbura, suka yi sanyi ko baƙi, ko zafi ya ƙi jin magani, a koma asibiti nan take, kada a jira ranar kasuwa.