Bitar Kwana Uku Ba Ta Mayar Da Malami Gwanin Kwamfuta

A watan da ya wuce aka sake turo mini irin hoton nan da ya ishe ni gani. Malamai sun yi sahu a ƙofar wani ɗakin taro, kowa riƙe da takardar shaida, a bayansu an rataya ƙyalle mai cewa an horar da su koyarwa da na'urorin zamani. Kwana uku aka yi. Rana ta farko ta tafi a jiran babban baƙo da jawabai, ta ƙarshe kuwa hankalin kowa na kan alawus. Wanda ya turo hoton ya ƙara da cewa yanzu kam makarantunmu sun shiga zamani. Ban ba shi amsa a lokacin ba, domin abin da ke bakina ya fi ƙarfin saƙon waya.

Ni ma na zauna a irin wannan bita lokacin da nake riƙe da alli. Mu shida muka taru kan kwamfuta guda, wanda ya fi mu rawar kai ya kama linzamin, sauranmu muna leƙe ta kafaɗarsa. Mai bayani yana can gaba da majigi, ya danna nan ya danna can, ya ce, "Kun gane ko?" Mu kuma mu amsa baki ɗaya, "Mun gane." Ranar Litinin da na koma makaranta ko yadda ake adana rubutu ban tuna ba. Na je wurin shugaban makaranta na ce, "Ranka ya daɗe, ko za a ba ni makullin sito in ɗan riƙa gwada hannu?" Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Malam, kayan gwamnati ne fa. Idan suka lalace wa zai amsa tambaya?" Sai bayan shekara biyu aka buɗe siton, za a yi baƙi daga ma'aikata. Ɓera ya cinye wayoyin, zanzaro ya yi gini a cikin akwatin wata kwamfutar, sauran kuma suna nan cikin ledarsu an kunna sun ƙi tashi. Har na bar makarantar ban ji an yi wa kowa tambaya ba.

Abin da ake nufi da ƙwarewar malami a fasahar zamani ba ya buƙatar dogon sharhi: ya iya amfani da waya, kwamfuta, majigi ko intanet wajen shirya darasi, koyar da shi, da auna abin da yara suka fahimta. Hukumar UNESCO ta fitar da tsari kan haka a 2008, ta sabunta shi a 2011 da 2018, ta kasa shi hawa uku: sanin na'urar, zurfafa darasi da ita, sai kuma ƙirƙirar sabon abu. Bitar kwana uku ko hawan farko ba ta kammalawa.

Kuskuren da ya yi mana katutu shi ne ɗaukar cewa na'ura da bita, in aka haɗa su, ƙwarewa za ta fito. Ba mu kaɗai muka faɗa wannan rami ba, kuma waɗanda suka riga mu faɗawa sun fi mu kuɗi. A 2005 Nicholas Negroponte na jami'ar MIT da ke Amurka ya fito da shirin ba kowane yaro laftof mai araha. Ɗaya daga wuraren da aka fara gwajin a 2007 shi ne wata firamare a Galadima, nan Abuja. Ƙasar Peru ce ta fi kowa rungumar shirin, ta raba laftof sama da 800,000. A 2012 masu bincike na bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka suka fitar da sakamakon nazarin makarantun karkara 319 na ƙasar. Yaran sun iya sarrafa na'urar, wannan babu musu, amma makinsu a lissafi da harshe bai ɗaga ba. A birnin Los Angeles an fara shirin raba iPad a 2013 wanda aka ƙiyasta zai ci sama da dala biliyan ɗaya, bai yi shekara biyu ba ya wargaje. A 2015 kuma ƙungiyar OECD ta ƙasashe masu arziki ta duba sakamakon jarrabawar ɗalibai, ta ce ƙasashen da suka zuba kuɗi mai yawa a kwamfutocin makaranta ba su ga wani ci gaban a-zo-a-gani a karatu, lissafi ko kimiyya ba. Kwalliya dai ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Kada wani ya ɗauka ina cewa a watsar da na'ura a koma ga alli kaɗai. An wuce wurin. Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, WAEC ta fara gwada hakan ga masu zana jarrabawa daga waje a 2024, kuma malamin kansa a kan kwamfuta yake zana jarrabawar cancanta ta hukumar TRCN. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar cibiyar JAMB ya ga yaron ƙauye da ranar ce farkon taɓa linzaminsa, hannu na rawa, lokaci na tafiya. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma haka muke yi wa yaran nan kowace shekara.

To me ya sa bitar ba ta kamawa? Ku dubi malamar da ke rantsuwa cewa ita da kwamfuta sai dai a lahira. Wannan malamar tana tura kuɗi ta waya, tana aika saƙon murya, tana ɗaukar hoton atamfa ta sa a WhatsApp tana ciniki, har ta san yadda ake tura bidiyon biki ta Xender ba tare da an ci mata data ba. Wa ya yi mata bita? Wace takardar shaida aka ba ta? Ta koya ne saboda tana da buƙata, wayar tana hannunta dare da rana, kuma duk lokacin da ta maƙale akwai ɗa ko ƙanwa a kusa da za ta ce wa, "Zo ka ga abin da wayar nan ta yi mini." Abu uku ke nan: buƙata, yawan taɓawa, da na kusa da za a tambaya. Bitar otal ba ta da ko ɗaya. Ana koya wa malamin Hausa da na kimiyya abu guda, a kan na'urar da ba tasu ba, daga bakin mutumin da ba za su sake gani ba.

Masana sun daɗe da faɗin wannan. Bruce Joyce da Beverly Showers, waɗanda suka yi nazarin horar da malamai tun shekarun 1980, sun nuna cewa bayani da nuni a ɗakin taro ba su cika bin malami zuwa aji ba, sai an haɗa da wani abokin aiki da zai riƙa shiga ajin yana gani yana gyara, kuma sabuwar dabara tana buƙatar maimaici wajen sau ashirin kafin ta zauna a hannu. A 2006 Punya Mishra da Matthew Koehler na jami'ar jihar Michigan suka ƙara da cewa sanin na'ura shi kaɗai ba ya koyar da kowa. Sai ya haɗu da sanin darasin da kuma sanin yadda ake koyar da shi. Shi ya sa saurayin da ke aiki a shagon kwamfuta, duk saurin hannunsa, ba zai iya fahimtar da 'yan aji huɗu rabe-raben lamba ba, alhali tsohuwar malamar da ta san inda yara ke tuntuɓe a darasin, in ta koyi manhaja guda ɗaya tak, za ta yi abin mamaki da ita. Mu da muka tashi muna ganin yadda ake koyon ɗinki, wata da watanni yaro yana sa maɓalli da kalmasa a gaban maigidansa kafin a ba shi almakashi, bai kamata sai wani ya zo daga Michigan ya tuna mana ba.

Na ga wannan da idona a wata ƙaramar sakandare. Wata malama ta so nuna wa ajinta yadda ake husufin wata. Ta samo ɗan gajeren bidiyo a wayarta, ta shiga aji da murna. Yara sun haura saba'in, na baya ba sa gani, na gaba sun danne juna, sautin kuma ko layi na uku bai kai ba. Darasin ya watse, ta fito ranta a ɓace tana cewa ta yi na farko ta yi na ƙarshe. Malamin lissafi da ke tebur kusa da nata ya ce, "Haba Malama, don an faɗi sau ɗaya?" Ya ara mata 'yar sifika, suka kasa yaran rukuni-rukuni, rukuni ɗaya na kallo sauran na zana abin da suke tsammanin za su gani. A karo na uku ita da kanta ta gano cewa ya fi kyau ta kashe Turancin bidiyon ta riƙa bayani da bakinta, tana tsayar da shi inda inuwar duniya ta fara hawa kan wata, tana tambaya. Babu bitar da za ta koya mata wannan. Faɗuwar farko da maƙwabcin tebur ne suka koya mata.

Na san akwai rashin wuta, ƙarancin albashi da cunkoson aji, kuma duk gaskiya ne. Amma akwai lalaci da girman kai su ma, kuma su ba gwamnati ce za ta cire mana su ba. Malamin da ke kwana a Facebook yana musun siyasa har ƙarfe ɗaya na dare ba shi da bakin cewa ba shi da data. Wanda kuma yake ganin ƙasƙanci ne ya tambayi ɗan bautar ƙasa ko ɗalibinsa, ya tuna gemu ba ya hana ilimi, mu ne ma muke faɗa wa yara haka.

Malamin da ya yi niyya ya fara da wayar da ke aljihunsa, kada ya jira laftof ɗin da aka yi alkawari. Ya zaɓi darasi guda wanda kowace shekara yake ba shi wahala, ya nemi abu guda da zai sauƙaƙa shi. Malamin lissafi ya gwada GeoGebra, kyauta ce, tana zana kusurwa da da'ira yara na gani suna motsi. Malamin kimiyya ya duba PhET na jami'ar Colorado, wanda Carl Wieman, mai lambar Nobel, ya kafa a 2002. Ana sauke gwaje-gwajensa a yi amfani da su ba intanet, ka haɗa batir da ƙwan fitila a kan allon waya ko da makarantarku ba ta da ɗakin gwaji. Akwai Kiwix mai ajiye Wikipedia a cikin na'ura, akwai Nigeria Learning Passport da ma'aikatar ilimi ta tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022, wanda ke da darussa har da Hausa. Guda ɗaya za ka ɗauka, ka zauna a kansa zango guda. Mai tara manhajoji goma a mako ɗaya ba ya iya ko ɗaya.

Ka sauke abin da kake buƙata tun a gida, ka kalle shi daga farko har ƙarshe kafin ka kai aji, domin ba ka san tallar da za ta faɗo a gaban 'ya'yan mutane ba. Ka gwada sauti daga kujerar ƙarshe. Ka shiga da alli a aljihu, saboda caji na iya ƙarewa ana tsakiyar bayani. Idan ka nemi taimakon manhajojin nan masu amsa tambaya irin ChatGPT wajen tsara darasi, ka bi abin da suka rubuta layi-layi da littafinka a gefe. Suna shirga kuskure cikin kwanciyar hankali, musamman a tarihinmu da nahawun Hausa. Hoton ɗalibai kuwa, balle 'yan mata, ba naka ba ne da za ka watsa a dandali don a yaba maka.

Sannan ka nemi abokin tafiya. Malamai uku ko huɗu masu darasi iri ɗaya su ware rabin awa a mako a ofishin malamai, kowa ya nuna abin da ya gwada, har da wanda ya watse. Ku riƙa shiga ajin juna. Aikin ofis ma makaranta ce: wanda ya koyi tara makin ajinsa a Excel, ya ga jimla da matsayi sun fito cikin ƙiftawar ido maimakon kwana uku da kalkuleta, ba sai an roƙe shi ya koyi abu na gaba ba.

Masu riƙe da kuɗin horo su ma ga nasu. Abin da ake kashewa a hayar ɗakin taro, ƙyalle da shinkafa zai iya biyan ƙwararren malami guda da zai riƙa zagaya makarantu biyar duk mako har shekara ta ƙare. Jihar Edo ta raba wa malaman firamare ƙananan kwamfutocin hannu daga 2018 a shirin EdoBEST. Ina da ja kan yadda ake rubuta wa malami duk abin da zai faɗa a aji, amma abu ɗaya sun yi daidai: sun sa jami'ai suna bin malamai har cikin aji suna duba yadda ake amfani da na'urar. Cibiyar NTI ta Kaduna, wadda tun 1976 take horar da malamai suna bakin aikinsu, da kwalejojin ilimi, su ne ya kamata su ɗauki wannan salo, a daina koyar da kwamfuta a kan allo ana zana linzami da alli.

Shugaban makaranta kuma ya sa awa biyu na ɗakin kwamfuta a jadawalin malamai kamar yadda ake sa darasi, ya ajiye rijista a bakin ƙofa, wanda ya shiga ya sa hannu. Idan na'ura ta lalace a hannun mai koyo a rubuta a kai gyara, kada a cire a albashinsa. Makullin kuwa a yanka guda biyu, ɗaya ya zauna wurin malamin da ya fi kowa zuwa da wuri.