Ruwan Wanke-Wanke Ma Sai An Tsabtace Shi

Da damina, in muka zaga ƙauyukan Birnin Kudu da Gwaram, mukan tarar an tafasa ruwan sha, amma moɗa da kwanon yaro da ruwan kududdufi ake ɗauraye su. To, an yi ba a yi ba ke nan. Ƙwayoyin cutar amai da gudawa, wadda ta yi ɓarna a Jihar Jigawa a 2021, sukan maƙale a jiƙaƙƙiyar moɗa su koma cikin randa.

Ga dabarar da muke koyarwa. A ɓare busassun 'ya'yan zogale a daka, ƙwaya ɗaya ga kowace lita ta ruwa. A dama sosai, a bari ya kwanta kamar awa ɗaya, a tace da ƙyalle mai tsabta. Zogale laka yake kwantarwa, ba ya kashe cuta duka, saboda haka sai an tafasa.

Da wannan ruwa za a wanke randa, da moɗa, da miki, da fuskar yara kowace safiya, gama ƙuda yana bin kwantsa yana yaɗa ciwon ido mai makantarwa. In itace ya yi wuya, a fara da kayan jariri.